Irin turnesol mai oleyik da maganar alamar ADN

Ƙanena, tambayarka ukku ce a dunƙule. Ka ce ƙungiyarku ta masu tatsar mai na son gwada noman turnesol, wato sanfulawa, can wajen Jiratawa, an kawo muku iri an ce mai yawan oleyik ne, wani asid da ke cikin mai, kuma mai irin ya ce an tabbatar da shi da alamar ADN, wato gwajin sinadarin gadon da ke cikin ƙwayar. Kana son sanin mi alamar take nufi, shin ta isa lamuni cewa man zai daɗe bai lalace ba, sannan in kunka girbe ko kuna iya ɗebe iri ku sake shukawa baɗi kamar yadda ake yi da gyaɗa.

Alamar gaskiya ce, ba dabarar ɗan kasuwa ba ce, kuma cikin duk alamomin da ake aiki da su a turnesol tana cikin waɗanda sunka fi ƙarfi. Sai dai abin da take gaya maka shi ne mi ke cikin ƙwayar irin da aka gwada, ba mi zai shiga jarka bayan wata huɗu ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai zafin dare, akwai ƙudan zuma, akwai yadda aka haɗa iyayen irin tun farko, kuma na ukkun nan shi ne wanda masu saida iri ba su cika buɗe baki a kai ba.

Man turnesol kusan duka asid huɗu ne sunka haɗa shi. Falmitik da siteyarik su ne masu daskarewa, su biyun a haɗe wajen kashi 10 cikin 100 ne ko sama kaɗan. Sauran kashi 90 ɗin oleyik da linoleyik ke rabawa, kuma rabon nasu kamar sikeli yake, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. A turnesol na gargajiya linoleyik ke da rinjaye, ƙa'idar Codex, wato ma'aunin abinci na duniya, ta sa shi tsakanin kashi 48 da 74, oleyik kuma 14 zuwa 39. Wanda ake ce ma mai oleyik sosai daga kashi 75 yake farawa har wajen 90. Akwai na tsakiya, wanda Amurkawa sunka fito da shi kasuwa ƙarshen shekarun 1990 da sunan NuSun.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala duka shi ne oleyik da linoleyik dukansu sarƙar kabon 18 ce, amma oleyik na da ƙulli mai ninki guda ɗaya, linoleyik na da biyu, kuma wurin ƙullin nan ne iska ke kama mai ta ɓata shi. Linoleyik ya fi oleyik saurin lalacewa ninki goma ko fiye. Shi ya sa mai suyar ƙosai ko awara da ke barin mai bisa wuta tun asuba har hantsi take ganin wani man ya yi baƙi ya yi kauri ya fara maƙaƙi a wuya, wani kuma ya jure. Amma kar ka ɗauka linoleyik guba ne, jiki na bukatarshi kuma ba ya iya ƙera shi da kanshi, dole sai daga abinci. Magana ce ta ajiya da suya, musamman garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu kuma ana aje mai cikin buta bisa tebur a rana.

Cikin ƙwayar da ke nuna, shukar na gina man daki-daki ne. Tana fara yin falmitik mai kabon 16, wani anzim, wato sinadarin da ke tafiyar da aikin, da ake kira KAS II ya ƙara mishi kabon biyu ya koma siteyarik, wani mai suna SAD ya sa ƙulli na farko ya koma oleyik, sannan FAD2 ya sa ƙulli na biyu ya koma linoleyik. Duk maganar tana ga wannan mataki na ƙarshe. Turnesol na da ƙwayoyin gado na FAD2 guda ukku, amma wadda ke aiki sosai cikin ƙwaya lokacin da take cika da mai ita ce FAD2-1. In ka kashe ta, oleyik ya taru ba mai maida shi linoleyik, ganye da saiwa kuma ba ruwansu don sauran biyun na nan suna aikinsu.

Wanda ya fara samun wannan wani masani ne Soldatov a cibiyar binciken mai ta VNIIMK da ke Krasnodar a Rasha, cibiyar da Pustovoit ya yi aiki ya ɗaga yawan man turnesol daga wajen kashi 30 zuwa wajen 50. Soldatov ya jiƙa iri cikin wani sinadari mai jirkita gado, dimetil sulfat, ya yi ta zaɓe cikin jikoki har ya fitar da irin da anka sa ma suna Pervenets, an bayyana shi 1976. Kusan duk turnesol mai oleyik da ke kasuwar duniya yau, na Faransa ne, na Ukren ne, na Ajantina ne, jikan Pervenets ne. Kuma tunda na san za a tambaye ka a ƙungiya, wanga ba OGM ba ne, ba a ɗauko gadon wata halitta an dasa mishi ba, gadon shukar ne da kanta ya jirkice.

An yi shekara kusan talatin ana noma shi ba a san takamaimai mi ya faru a ciki ba, ana dai ce ma abin Ol. Sai cikin shekarun 2000 ayyukan Lacombe da Bervillé a Faransa da na Schuppert da abokan aikinshi a Amurka sunka nuna cewa ba lalacewa FAD2-1 ta yi ba. Tana nan lafiya lau bisa kuromozom na 14 cikin 17 da turnesol ke da su, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a ciki. Abin da ya faru shi ne wani yanki nata ya maimaita kanshi kusa da ita, kwafin da bai cika ba, kuma wannan kwafin ne ke sa ƙwaya ta riƙa rusa saƙon da FAD2-1 ke aikawa kafin a ƙera anzim ɗin. Wannan ne ya bayyana abin da ya daɗe yana ba mutane mamaki, wato Ol mai rinjaye ne. Yawanci in ƙwayar gado ta lalace sai an gaji lalatacciyar daga uwa da uba sannan a ga alama, don mai lafiyar na rufe ma marar lafiyar asiri. Nan kuwa kwafi ɗaya daga gefe ɗaya ya isa ya rufe bakin duka biyun.

To alamar da mai irinku ke magana kusan tabbas wagga ce. A labo ana ɗaukar ɗan guntun ganye ko ƙwaya, a fitar da ADN, a yi PCR, dabarar ninka ɗan yankin ADN har ya ganu, da wasu gajerun yanki biyu da anka ƙera don su kama daidai mahaɗar da kwafin ya manne, sananne cikinsu shi ne wanda ake kira F4-R1. In kwafin na nan layi ya fito bisa sakamakon gwajin, in babu shi ba abin da ke fitowa. Kyawunta shi ne tana zaune bisa abin da ke haddasa halin ne kanshi, ba maƙwabtaka take yi da shi ba. Galibin alamomin da ake samowa ta binciken kwatanta gado da hali, irin su QTL ko GWAS, maƙwabta ne kawai, suna kusa da ƙwayar gadon da ba a ma san ko wace ce ba, kuma in anka yi ta aure tsakanin iri da iri wata rana sai su rabu, alama ta bi wani ɗa halin ya bi wani. Wadda ke cikin FAD2-1 ba ta da wannan matsala. Ga mai ƙirƙirar iri kuwa abin alheri ne babba, tun shuka na da ganye biyu ya san wadda zai bari da wadda zai tuge, ba sai ya jira fure da girbi ba.

Amma alama kamar tsagen Gobirawa take, tana nuna maka gidan da mutum ya fito, ba ta gaya maka halinshi. Gazawarta biyu ce.

Na farko, Ol dole ne amma bai wadatar ba. Tun shekarun 1980 masu bincike ke ganin zuri'o'in da ke ɗauke da Ol amma oleyik nasu ya tsaya 60 ko ma ƙasa, wasu kuma sun kai 90. Akwai wasu ƙwayoyin gado ƙanana a wasu kuromozom da ke ƙara mishi ƙarfi ko su rage, har an ba da rahoton wadda ke danne shi gaba ɗaya a wasu zuri'o'i. Waɗannan ba su da alama ɗaya tsayayya da kowa ya yarda da ita, abin da anka samu a zuri'ar wani kamfani sau da yawa ba ya aiki a ta wani. Tun da anka kammala karanta gadon turnesol a 2017, aikin da masu binciken INRA, cibiyar binciken noma ta Faransa, na garin Tuluz sunka jagoranta, gado mai girman wajen biliyan 3.6 na haruffa, ya ma fi na ɗan Adam, an samu dubban alamomin SNP, wato wuraren da harafi ɗaya na gado ya bambanta, kuma ana ta liƙa su da yawan oleyik da linoleyik. Ni dai a ganina yawancinsu har yanzu kayan aikin mai bincike ne, ba abin da za a rubuta bisa buhu a ce ma manomi lamuni ba.

Na biyu, ita alamar F4-R1 eh ko a'a kawai ta sani. Ba ta bambance ƙwayar da ta gaji Ol daga iyaye biyu da wadda ta gaje shi daga gefe ɗaya, duka layi ɗaya suke badawa. Sai an haɗa ta da wata alama, misali wadda ake kira SSR da ke cikin FAD2-1 ɗin, wadda ke nuna kwafin uwa da na uba kowane daban, ita ma sai in iyayen sun bambanta a wurin.

Kuma wannan bambanci ba ƙarami ba ne, nan ne kuɗinku yake. Irin da za a saida muku kusan tabbas ibrid ne, F1, wato 'ya'yan farko na auren zuri'a biyu daban. Man da ke cikin ƙwaya gadon ɗan tayin da ke cikin ƙwayar ne ke yanke yadda zai kasance, ba gadon uwar da ta ɗauke shi ba. Wato in ka shuka F1, ƙwayoyin da ka girbe ka kai inji F2 ne, wato jikoki, kowace da nata rabon gado, cikin kai ɗaya. In iyayen ibrid ɗin duka biyu Ol gare su, shi ke nan kowace ƙwaya na da shi, man zai fito mai oleyik sosai. In kuwa ɗaya ne kawai ke da shi, kowace ƙwayar F1 da anka gwada za ta ba da layi, mai iri bai yi ƙarya ba, amma cikin girbinka ƙwaya ɗaya cikin huɗu ba ta da Ol sam. Yi lissafin da kanka a matsayin misali, ukku masu kashi 85 ɗaya mai kashi 30, in ka gauraya ka samu wajen 71, kuma a zahiri yakan yi ƙasa da haka don masu Ol na gefe ɗaya ba kullum suke kai na gefe biyu ba. Da gangan ake yin irin wannan haɗi don samun man tsakiya irin NuSun, mai ne mai kyau ƙwarai wajen suya, amma ba shi ne mai 80 da wani abu ba, kuma bai kamata a biya shi kuɗin wancan ba.

Sai zafi, wanda a wurinmu ya kusa zama rabin labarin. Anzim ɗin FAD2-1 ba ya son zafi, in zafi ya yi yawa ƙarfinshi na raguwa, kuma binciken da anka yi a Ajantina ya nuna zafin dare ne ya fi tasiri, a makonnin farko bayan fure lokacin da ƙwaya ke cika. Saboda haka turnesol na gargajiya da ba shi da Ol ko kaɗan, wanda a Rasha zai ba da linoleyik wajen 65 ko 70, in ka kawo shi ƙasa mai ɗumin dare oleyik nashi na iya hawa ya kusa rabi ko ya wuce. Duba kalandarmu. In kunka shuka da damina farkon Yuli, fure zai zo wajen ƙarshen Agusta, ƙwaya ta cika a Satumba da dare mai digiri 22 zuwa sama, oleyik zai hau da kanshi. In noman rani kunka yi kunka shuka Nuwamba, fure ya faɗo Janairu tsakiyar sanyi, dare na sauka wajen digiri 13 zuwa 15, linoleyik ya dawo. Iri ɗaya gona ɗaya, mai iri biyu. In shukar ta yi latti har cikar ƙwaya ta shiga Maris, oleyik ya sake hawa amma kai ya yi ƙanƙane kuma yawan man ya ragu.

Wannan na nufin abu biyu gare ku. Wani na iya kawo muku sakamakon labo mai oleyik 55 daga gonar damina ya ce ga shaida irinshi na musamman ne, alhali zafi ne ya yi aikin. Sannan amfanin Ol na gaskiya a nan ba hawan kawai ba ne, tsayuwa ce. Tunda anzim ɗin a kashe yake tun asali, sanyi ba shi da abin da zai tayar, ibrid mai Ol na gefe biyu da kaɗan yake motsawa tsakanin damina da rani. Ga ƙungiyar da ke son ta sa suna bisa kwalba ta ce man nan kullum haka yake, wannan shi ne abin biya.

Ƙudan zuma kuma su ke yi ma turnesol barbara, kuma suna tafiya nesa, kilomita da yawa in ta kama. In maƙwabci ya shuka na gargajiya kuma furenku ya zo tare, bununin gonarshi zai shigo taku, kuma tunda gadon ɗan tayi ke yanke mai, tasirin a girbin bana zai fito ba sai baɗi ba. Rinjayen Ol na rage ɓarnar in naku na gefe biyu ne, amma yana ja ƙasa dai. Abin da ya fi bununi ɓarna ma a aikace shi ne gauraya a buhu da a inji, a tatsi na gargajiya da safe a zuba naku da rana ba a wanke ba. Yanzu da turnesol bai yawaita a yankin ba kuna da sauƙi, ku dai daidaita a ƙungiya kowa ya shuka iri ɗaya.

Maganar ɗebe iri, a'a, in ibrid ne kar ku yi, kuma ba don oleyik kaɗai ba. Ibrid na turnesol ana yin shi ne da uwa marar bununi, dabarar da Leclercq ya gano a Faransa 1969, da uba mai ɗauke da ƙwayar gadon da ke maido da bununi. F1 na da bununi lafiya, amma in ka shuka 'ya'yanshi wajen kashi ɗaya cikin huɗu za su fito ba bununi, sai sun jira na wasu. Uban kuma sau da yawa mai rassa ne da ƙananan kawuna barkatai, halin na ɓoye a F1 ya sake ɓullowa a F2. Sai ka ga gona wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani bai yi fure ba, ga tsuntsaye sun samu wata guda suna biki, don tsuntsu da turnesol sai wanda ya gani. In asalin ibrid ɗin Ol na gefe ɗaya ne kuma, kwata na shukokin ba su da Ol gaba ɗaya. In kuna son irin da za ku riƙa ajewa sai ku nemi wanda ba ibrid ba, ku ware mishi gona nesa da kowa, ku riƙa gwada shi duk shekara.

Sauran asid ɗin ba zan daɗe kansu ba don ba su shafe ku yanzu ba. Masu bincike a Kordoba da Sebil ta Sipaniya sun fitar da layuka masu siteyarik da yawa. Akwai kuma mai falmitik da yawa. Manufarsu mai mai kauri na yin margarin da cakulan ba tare da an daskarar da shi a masana'anta ba. Su waɗannan ba masu rinjaye ba ne kamar Ol, aikinsu ya fi wuya.

Da ni ne, abin da zan tambayi mai iri ukku ne, sunan ibrid ɗin da kamfanin da ya yi shi, shin iyayen duka biyu masu oleyik ne ko ɗaya, da takardar gwajin mai ba ta ADN ba. In ya kasa amsa na biyu ku ɗauka na tsakiya ne ku yi ciniki a haka. Sannan kar ku zuba kuɗin ƙungiya duka a shekarar farko, ku yi ɗan fili da damina ɗan fili da rani, kowane ku tatsa daban ku kai gwaji. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne kuromatogarafi na gas, shi ke ba da kason kowane asid. In bai samu ba, adadin aidin, wato awon yawan ƙulli mai ninki da ke cikin mai, shi ma na nuna hanya, man gargajiya na tsakanin 118 da 141, mai oleyik sosai 78 zuwa 90, tazarar ba ta ɓoyuwa. Har na'urar refraktomita ana tantancewa da ita don linoleyik na ɗaga awon. Ku tuntuɓi ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna ko malaman sashen noma na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su nuna muku inda za a kai samfur. Ku ɗebo samfurin daga wurare da yawa cikin buhunan, ba kai ɗaya mai kyau ba.

Tunda ka kawo gyaɗa, ita ma tana da irin wannan labari kuma ga masu tatsar mai na Maradi wataƙila ya fi kusa. An gano gyaɗa mai oleyik wajen kashi 80 a jami'ar Florida 1987, layin F435, kuma Indiya tare da cibiyar binciken noma ta ICRISAT sun fitar da Girnar 4 da Girnar 5 wajen 2020 ta hanyar zaɓe da alamar ADN. A gyaɗa ƙwayoyin gado biyu ne, FAD2A da FAD2B, dukansu lalacewa sunka yi ba danne su anka yi ba, don haka sai an gaji duka biyun daga gefe biyu sannan oleyik ya kai can sama, ya fi wahalar haɗawa ga mai ƙirƙirar iri. Amma da zarar an haɗa, gyaɗa kanta take yi ma barbara, ba ibrid ba ce, manomi na iya ɗebe iri shekara da shekaru halin na nan in dai bai gauraya da wani a rumbu ba, kuma ƙuli-ƙulin da anka yi da ita ma ya fi daɗewa bai canza ɗanɗano ba. In kun je Tarna ku tambaya ko akwai irinta cikin waɗanda ake gwadawa.